Yi wa tsofaffin jiragen sama fenti a simileta: tambayoyi da amsoshi

Matasanmu na Garwa, Marwa, Kuseri da Njamena da suka kamu da son tuƙa jirgin sama a kwamfuta, kusan dukkansu wuri guda suke isowa. Mutum ya iya tashi, ya iya sauka, ya ƙetare Binuwai ya dawo, sai wata rana ya duba jerin jiragen da ke cikin manhajar, wato simileta, ya ga na Jamus, na Amurka, na Dubai, amma babu ko ɗaya mai ɗauke da TJ ko TT a jikinsa, wato haruffan farko na lambar jiragen Kamaru da Chadi. Daga nan tambayoyi ke farawa. Ga waɗanda aka fi yi mini, da abin da nake amsawa.

Malam, mene ne ainihin aikin? Jirgin ake ƙerawa?

A'a. Jirgin simileta abu biyu ne: siffarsa, wadda wani ya riga ya ƙera, da kuma hotuna shimfiɗaɗɗu da ake lulluɓa wa siffar, waɗanda muke kira fata. Aikinka a kan fatar yake. In ka taɓa zama a shagon tela ka ga babbar riga kafin a haɗa ta, gaba daban, baya daban, hannuwa daban, to haka fayil ɗin yake: gefen hagu na gangar jiki a nan, wutsiya a can, murfin inji a wata kusurwa, wani sashen ma a kife. Kai ka shafa launi ka rubuta suna a kan gutattakin, manhajar ta haɗe su a jikin jirgin. Gudun jirgi, nauyinsa, ƙarar injinsa, duk fenti ba ya taɓa su.

Me ya sa sai tsofaffin jirage? Ga na zamani nan fes.

Domin na zamani suna da masu yi musu. Kamfanin Turai ya sake launi yau, kafin mako ya zagayo wani ya sa shi a intanet. Namu kuwa, in ba mu muka yi ba, da wuya a samu mai yi, kuma in an samu, sau da yawa daga hoto ɗaya ya kwafa, ya cike sauran da zato.

Ku dubi abin da ya ratsa sararin nan namu. An kafa Air Afrique da yarjejeniyar Yawunde a watan Maris na 1961, Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 11 da suka sa hannu, kamfanin ya rayu har 2002. Air Tchad ya zo a 1966. Kamaru ta fice daga Air Afrique ta kafa Cameroon Airlines a 1971, wanda mutane suka riƙa kira lardi na goma sha ɗaya, ya tsaya a 2008, Camair-Co ya fara tashi a 2011. A Chadi an yi Toumaï Air Tchad daga 2004, daga baya Tchadia Airlines a 2018. Yawancin jiragen nan an yanka su an sayar da ƙarfen. Yaron da aka haifa bayan 2008 bai taɓa ganin Boeing 737 na Cameroon Airlines yana gangarowa Garwa da yamma ba, alhali a cikinsa kakansa ya tafi Duwala. In an yi fentin daidai, zai iya gani.

Kwamfutata ba ta da ƙarfi. Wace simileta ta dace da ni?

FlightGear kyauta ce, ba ta da nauyi sosai, kuma fatar jiragenta hoton PNG ne kawai da ɗan fayil na XML. FSX, wadda ta fito a 2006, har yanzu tana tafiya a tsohuwar laftof, kuma an tara mata tsofaffin jirage masu yawa cikin shekaru. X-Plane 11 ita ce na fi ba mai koyo shawara, saboda sanya fenti a cikinta ba ya da wahala ko kaɗan. Microsoft Flight Simulator (MSFS) ta 2020 da ta 2024 sun fi kyan gani nesa ba kusa ba, amma suna buƙatar katin hoto mai ƙarfi da intanet mai yawa, musamman ta 2024 da ke jawo yawancin kayanta daga intanet a lokacin da kake tashi. Wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya yi wannan lissafi kafin ya saya.

Sai na mallaki Photoshop?

Ba dole ba. GIMP, manhajar gyaran hoto, kyauta ne, yana buɗe yawancin fayilolin PSD na Photoshop, yana kuma fitar da DDS, nau'in hoton da wasu simileta ke amfani da shi wajen fata. Inkscape na zana tambari da haruffa ne, su fito tas komai girman da ka ba su. Blender kuwa, shi ma kyauta, sai ka yi nisa: yana ba ka damar shafa fenti kai tsaye a jikin siffar jirgin, abin da ke da amfani sosai a jiragen MSFS da fatarsu ke yanke gunduwa-gunduwa. Linzamin kwamfuta na gaskiya ya fi faifan taɓawa na laftof. Shi ke nan.

Abin da za ka nema na gaba shi ne samfurin fenti na jirgin, wato fayil mai leya-leya, shimfiɗa kan shimfiɗa, da masu ƙera jirgin kan bayar, inda layukan faranti, ƙusoshi, datti da farar fata kowanne ke kan leyarsa. Jirgin da ba shi da samfuri, kada ka fara koyo da shi.

Da wane jirgi zan fara?

Da DC-3. Fasalinsa sauƙi ne, yana cikin kusan kowace simileta, kuma Air Tchad ya yi aiki da shi. Bugun cika shekara 40 na MSFS, wanda ya fito a Nuwamban 2022, ya zo da DC-3 da Airbus A310-300 kyauta, A310 ɗin kuwa irin wanda Air Afrique ya tuƙa ne. Amma ka bar A310 ɗin sai hannunka ya faɗa, domin dogon koren layin Air Afrique da ke ratsa jiki tun daga hanci yana tona asirin duk wanda bai iya haɗa gaɓa ba.

Na ga hotuna da yawa na kamfani ɗaya, kowanne da ɗan bambanci. Wanne zan bi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan nake tsayawa da ƙarfi. Ba a yi wa kamfani fenti, jirgi ɗaya ake yi wa, mai lamba ɗaya, a shekara ɗaya. Kafin ka buɗe GIMP, ɗauki takarda ka rubuta: jirgi kaza, lamba kaza, shekara kaza. Duk hoton da bai dace da wannan layi ba, ajiye shi gefe.

Ga misali daga gida. Tutar Kamaru daga 1961 zuwa 1975 tana da taurari biyu a kan koren sashe. A ranar 20 ga Mayu 1975 aka koma tauraro ɗaya a tsakiyar jan sashe. Cameroon Airlines ya fara aiki a 1971. Ke nan in ka ce jirginka na 1973 ne, kuma akwai tuta a jikinsa, ka sa masa tauraro ɗaya, to ka ba shi tutar da ba a yi ba tukuna. Baƙo ba zai lura ba, amma dattijon da ya yi makaranta a lokacin zai gani nan take. Haka Boeing 747 ɗin kamfanin mai lamba TJ-CAB, wanda aka raɗa wa Mont Cameroun: ya zo a 1981, ya yi aiki har 5 ga Nuwamba 2000, ranar da ya zarce titin sauka a filin Charles de Gaulle na Paris. Kusan shekara ashirin ke nan, kuma babu jirgin da ke yin shekara ashirin ba a taɓa fentinsa ba. Hoton farkon zuwansa da na ƙarshen aikinsa ba za a gauraya su a fata ɗaya ba.

Haruffan farko na lamba su ma hujja ne. TJ Kamaru, TT Chadi, 5N Najeriya, 5U Nijar, TL Afirka ta Tsakiya. Jiragen Air Afrique mallakin kamfanin TU suke ɗauka, na Kwaddibuwa, domin hedkwatarsa a Abijan take, ko da kuwa a Njamena aka ɗauki hoton. Kafin 'yancin kai, jiragen da aka yi wa rajista a yankunan mulkin Faransa lambarsu da F-O take farawa. In ka ga jirgi da sunan kamfaninmu amma lambar wata ƙasa, hayarsa aka yi, kuma irin waɗannan galibi launin mai su suke ɗauke da shi, an manna suna kawai.

To ina ake samun hotunan?

Airliners.net da JetPhotos suna da na manyan jirage, yawanci waɗanda Turawa suka ɗauka a Paris ko Marsai. Matsalar ita ce ƙananan jiragen cikin gida, irin su Twin Otter da HS 748 da ke zirga-zirga tsakanin Gaundare, Garwa da Marwa, ba sa zuwa Turai, don haka hotunansu ba su da yawa. A nan ne mu muka fi kowa dama.

Hujjar tana cikin gidajenmu. Akwatin ƙarfe na tsohuwa, albam ɗin aikin hajji, hoton rakiyar ɗalibi mai tafiya karatu, tsohon tikiti, kalandar kamfani, takardar jadawalin tashi. Mutumin da aka ɗauka a gaban matakala ba jirgin ya nufa ba, amma bayansa ga rabin suna, ga launin ƙofa, wani lokaci ga lamba a ƙarƙashin fiffike. Ka je da ladabi, ka gaisa yadda ya kamata, ka ce, "Baba Alhaji, a wace shekara kuka sauke farali? Daga Garwa kuka tashi ko daga Njamena?" Shekarar hajji ba ta ɓace wa mai ita, ka ga ka sami kwanan hoton ke nan. Sai dai a tuna jigilar alhazai ta sha yin amfani da jiragen haya, don haka a duba lambar da kyau.

Kada ka nemi tafiya da hoton. Ɗauke shi da waya a nan inda yake, a inuwa, ba tare da walƙiya ba, wayar tana kallonsa sak ba a karkace ba. In za ka nuna wa wasu, ka nemi izini, ka kuma yanke fuskokin mutane, musamman na iyaye mata. Tsofaffin ma'aikatan fili, makanikai da masu ɗaukar kaya, su ma taska ne. Wanda ya yi shekaru yana wanke cikin jirgi ya san ko toka-toka ne ko ƙarfe tsirara.

Kan sarki na gidan waya ma yana taimakawa, domin ƙasashen Air Afrique sun buga masu hoton jiragensa, amma zane ne na mai zane, ba a ɗaukar ma'auni daga gare shi.

Yaya zan gane launi na gaskiya daga tsohon hoto?

Kada ka tsinci launi kai tsaye daga hoto ka ce ka gama. Hotunan shekarun 1970 da 1980 da suka kwana cikin zafinmu sun rine, yawanci sun koma ja-ja ko ruwan ƙasa. Nemi wani abu a hoton da ka tabbata fari ne, kamar saman jirgin ko farar rigar wani, ka gyara hoton har abin ya koma fari, sannan ka dubi sauran launukan. Ka gwada hotuna uku ko huɗu, na rana da na inuwa, ka ɗauki tsaka-tsaki. Tikiti ko takardar kamfani da aka adana cikin littafi, inda rana ba ta taɓa ta ba, takan riƙe launin tambari fiye da hoto.

Hoto marar launi yana da nasa tarkon. Wani nau'in fim na da yana mai da ja da rawaya su yi duhu, shuɗi kuma ya yi haske, har ka rantse rawayan da'ira baƙa ce. Ga jiragen soja akwai sauƙi, domin launukansu suna da lambobi a kundin ma'auni: FS 595 na Amurka, BS 381C na Ingila, RAL na Jamus. Ko da ka sami lambar, ka ɗan rage kaifinta. Fari tas da baƙi ƙirin ba sa kyau a simileta: farin yana ƙona ido a hasken rana, baƙin yana haɗiye duk layukan faranti.

Simileta ta ba ta da 737-200. Zan iya ɗora fentinsa a kan 737-800?

Za ka iya, kuma ba laifi ba ne, muddin ka faɗa. Amma ka sani ba tarihi ka yi ba. 737-200 gajere ne, injinansa JT8D sirara ne dogaye manne a ƙarƙashin fiffike, yawan tagoginsa daban. Haka 747-200 irin Mont Cameroun yana da gajeren bene, ba kamar 747-400 na X-Plane 11 ko 747-8 na MSFS ba, kuma shi mai haɗa fasinja da kaya ne, da babbar ƙofar kaya a gefen hagu ta baya. In ka ɗora a kan wani nau'i, rubuta a bayanin cewa na ƙage ne. Abin da ba na so shi ne a sa wa 737-800 lambar wani 737-200 na gaske a sake shi ba bayani, yara su ɗauka haka yake. Masu X-Plane suna da mafita ta kuɗi: akwai 737-200 na FlyJSim da 747-200 na Felis.

Ta ina ake farawa in an buɗe samfurin?

Kada ka taɓa leyoyin asali, buɗe naka a ƙarƙashin na layuka da datti. Fara da manyan launuka, sama da ciki. Sai dogon layi. Sai suna da tambari. Lamba da ƙananan rubuce-rubuce su ne ƙarshe.

Ma'auninka tagogi ne da ƙofofi. A hoto, ƙirga: harafin farko ya fara a kan taga ta nawa, na ƙarshe ya tsaya a ta nawa, layi ya bi ta saman hannun ƙofa ko ta ƙasansa. Wannan ya fi awo da ido. Haruffa kuma, kada ka ɗauko salon da ya yi kama a kwamfuta ka ce ya isa. Sunayen kamfanonin da, da hannu aka zana su. Sa hoton a Inkscape ka bi kowane harafi. Kan barewar da ke tambarin Air Afrique ma haka, a bi shi a hankali, domin ƙahon ne ke nuna ko an yi aiki ko an yi gaggawa.

Wurin da ake shan wuya shi ne gaɓa, inda guntun fata ɗaya ya ƙare wani ya fara, da hanci da wutsiya inda jiki ke lanƙwasa, layin da yake miƙe a fayil ya fito a karkace a jirgi. Dabarar ita ce ka yi fata ta gwaji mai murabba'ai da lambobi, ka ɗora wa jirgin, ka ga inda kowace lamba ta faɗa da inda murabba'i ya miƙe ya zama dogo. Daga nan gyara ne da dubawa, gyara da dubawa, ba wata gajeriyar hanya.

Rubutuna ya fito a juye a gefen dama.

Ko dai ka kwafi gefen hagu ka juya shi gaba ɗaya har da haruffa, ko kuma mai ƙera jirgin ya sa ɓangarorin biyu suna cin guntun fata ɗaya. Na farko gyaransa sauƙi ne. Na biyu ba ya gyaruwa da fenti, sai dai ka bar wurin ba rubutu. A FSX kuma fayilolin DDS a kife ake adana su, sama a ƙasa, in ka manta komai zai watse.

Tun da an zo gefen dama: kada ka ɗauka madubin hagu ne. Ƙofofin kaya suna can, tuta sau da yawa ana juya ta yadda gefen sanda zai kalli hanci, wani kamfanin ma yakan rubuta sunansa da wani harshe a ɗaya gefen. Nemi hoton dama ko da guda ɗaya ne. Lambar ƙarƙashin fiffike kuwa, ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ita ce a fiffiken hagu, kawunan haruffa suna kallon gaba, tsayinsu bai gaza santimita 50 ba.

Yaya ake yin ƙarfe tsirara mai ƙyalli irin na DC-3 da DC-4?

Ba da launin toka ba. Ƙyalli yana wani fayil daban. A MSFS ta 2020, fayil mai ALBD a sunansa shi ne launi, mai COMP kuma yana riƙe da abu uku: jan sashe inuwar lungu, kore kaushi, shuɗi ƙarfe. In kana son alminiyam, ka ɗaga shuɗin ka rage koren. A FSX, sashen alfa na fatar ne ke faɗin yawan ƙyalli. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafa farin fenti a inda jirgin asali yake ƙarfe, a manta da fayil na biyu, sai farin ya fito yana walƙiya kamar ba fenti ba. Ka kuma bambanta farantai kaɗan-kaɗan, wani ya ɗan fi wani duhu, domin jirgin da ya yi shekaru yana dakon nama daga Fot Lami (Njamena ta yau) ko Gaundare zuwa kudu ba ya sheƙi bai ɗaya.

Datti fa? Nawa ya isa?

Ƙasa da yadda kake zato. Samfuran Turai suna zuwa da dattin ruwan sama da laka mai duhu. Namu daban ne: ƙurar hunturu mai laushi da ke kwanciya a saman fiffike, jar ƙasa a ciki da bayan tayoyi ga jiragen da ke sauka a filayen da ba kwalta, da rana da ke cinye ja da shuɗi a saman jiki ta bar na ƙasa da kaifinsa. Injin fistan yana zubar da mai yana barin baƙin hayaƙi a bayan bututu, JT8D kuma yana baƙanta wurin da ke kusa da bakinsa na baya. Kowane tabo ya kasance yana da dalili, kuma ya bi hanyar iska, daga gaba zuwa baya.

Na gama, amma jirgin bai fito ba, ko ya fito da murabba'ai ruwan hoda.

A X-Plane, cikin foldar jirgin akwai wata mai suna liveries. Ka buɗe taka a ciki, ka sa hotunan da sunayensu na asali a tsari irin na asali. Harafi ɗaya ya sauya, ba zai gani ba. A FSX, foldar texture ce da sabon sashen fltsim a aircraft.cfg, lambarsa tana bin ta ƙarshe ba tsallake. A MSFS ta 2020 kayan suna shiga foldar Community, kuma dole layout.json ya ambaci kowane fayil. Murabba'ai ruwan hoda na nufin manhajar ta nemi wata fata ba ta samu ba, yawanci saboda texture.cfg bai nuna mata hanyar komawa fatun asali ba.

4K ko 8K?

Hoto mai fiksel 4096 a kowane gefe, in ba a matse shi ba, megabait 64 ne. In aka matse shi a DXT5 ya koma 16. Na 8192 ninki huɗu ne na wannan, kuma jirgi ɗaya yana iya cin irinsu da yawa. Yi aikinka a babba, ka fitar a 4096, ka kuma yi na 2048 domin 'yan'uwa masu ƙananan kwamfutoci. A kan allon laftof ba mai ganin bambancin, amma mai saukewa da datar waya zai gode maka.

Wuta tana ɗaukewa ina tsakiyar aiki.

GIMP ba ya adana aiki da kansa. Ka saba da adanawa bayan kowane mataki, da sabon suna mai lamba, ka kuma riƙe kwafi a filashi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ɗaga laftof daga kan katifa, ka bar gwaji a simileta sai dare ko bayan asuba.

Ina son jiragen yaƙi. Akwai na yankinmu?

Akwai, kuma tarihinsu ya fi yadda ake zato. Bayan Gwamna Félix Éboué ya kai Chadi ɓangaren Faransa Mai 'Yanci a watan Agustan 1940, Fot Lami, wadda aka sake wa suna Njamena a 1973, ta zama zango a hanyar da Ingila ke bi da jiragenta. Ana kawo su cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi da ke Ghana ta yau, a haɗa su, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fot Lami, El Fasher, Khartum har Masar. An fara a Satumban 1940, kuma dubban jirage sun bi ta nan, Hurricane da Blenheim da sauransu. Muhimmancin zangon ne ya sa wani Heinkel 111 na Jamus ya ratso Sahara ya jefa masa bam a ranar 21 ga Janairu 1942. Daga Chadi kuma Kanar Leclerc ya tashi ya ci Kufra da ke Libiya a ranar 1 ga Maris 1941, da taimakon jiragen Blenheim da Lysander.

A nan a kula da tambari. Da'irar Ingila ja ne a tsakiya, shuɗi a waje. Ta Faransa shuɗi a tsakiya, ja a waje. Jiragen Faransa Mai 'Yanci sun ɗauki gicciyen Lorraine mai sanda biyu, amma inda aka sa shi ya bambanta daga jirgi zuwa jirgi, don haka hoto ne alƙali. Kada kuma ka ɗauka duk jirgin da ya bi hanyar Takoradi launin hamada gare shi. Da yawa na farko sun iso da kore da ruwan ƙasa irin na Ingila.

Na baya-bayan nan akwai Skyraider da Faransa ta yi aiki da shi a Chadi kafin ya koma hannun sojan saman ƙasar a shekarun 1970, da Jaguar da Mirage F1 na shekarun 1980, da Transall, da Fouga Magister da Alpha Jet na Kamaru. Masu DCS World, simileta ta jiragen yaƙi, suna da Mirage F1.

Ya halatta in yi fentin jirgin da ya yi hatsari?

Ra'ayina ke nan, wani yana iya saɓa mini. DC-10 na kamfanin Faransa UTA mai lamba N54629 ya tashi daga Njamena ranar 19 ga Satumba 1989, bam ya tarwatsa shi a saman hamadar Tenere ta Nijar, mutum 170 suka rasu. Boeing 737 na Cameroon Airlines mai lamba TJ-CBE ya faɗi kusa da Duwala ranar 3 ga Disamba 1995, mutum 71 suka rasu. Allah Ya ji ƙansu. Iyalansu suna nan tare da mu, a unguwanninmu. In shuɗiyar wutsiyar UTA da korayen ƙofofinta kake so, akwai sauran DC-10 na kamfanin, ɗauki lambar ɗaya daga cikinsu. In kuma don tunawa ka zaɓi wannan lambar, ka rubuta haka cikin mutunci. Amma a ɗauki fentin a yi bidiyon kwaikwayon faɗuwa don neman masu kallo, wannan ban yarda da shi ba, kuma ina rubuta hakan a sharaɗin duk abin da na saki.

Zan iya zuwa filin jirgi in ɗauki hotuna da kaina?

Kada ka yi ba da izini a rubuce ba. Filayen Garwa, Marwa Salak da Hassan Djamous na Njamena duk akwai soja a cikinsu, kuma halin tsaron yankinmu kowa ya san shi. Waya a bakin shinge tana iya jawo maka abin da ba ka zata ba. Jiragen da muke nema ma ba sa can.

Zan iya sayar da abin da na yi?

Siffar jirgin da samfurin fentin na masu ƙera su ne, kuma yawancinsu sun yarda a raba fenti kyauta kawai. Karanta sharaɗinsu. Kada ka haɗa da fayilolin jirgin kuɗi a cikin abin da kake rabawa, fatarka kaɗai za ka bayar. Tambarin kamfanin da ke raye yana da mai shi, na wanda ya mutu ma ba lallai ya zama na kowa ba. Aikin wani kuma ba a canza masa lamba a sa suna. Nemi izininsa, yawanci suna bayarwa. Wuraren sakawa sanannu ne: Flightsim.to ga MSFS, X-Plane.org ga X-Plane, AVSIM ga FSX.

Me zan rubuta a takardar bayanin da ke tafiya da fentin?

Nau'in jirgi, lambarsa, shekarar da ka nufa, da siffar wane mai ƙira aka yi wa fentin. Yadda ake sakawa, a taƙaice. Sannan abin da na fi so in gani: ka raba abin da ka gani a hoto da abin da ka cike da kanka. Misali, gefen hagu da wutsiya daga hotuna biyu, gefen dama an bi tsarin wani jirgin kamfanin na shekarar, launin ciki daga bakin wani tsohon makaniki. In dattijo ya ba ka hoto kuma ya yarda a ambace shi, ambace shi. Ka rubuta da Hausa da Faransanci, in ka iya ka ƙara Turanci, ka kuma bar hanyar da wanda ke da hoton da ya fi naka zai same ka, domin a fitar da bugu na biyu.